Muhawara: Shin Gyaran Fuska Yana Gyara Hali?

Malam Kabiru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in kawo wani batu da na daɗe ina juya shi a raina, tun da a cikinmu akwai likitoci da malaman addini da iyaye mata, kuma kowa yana da abin da zai ce a kansa. A shekarar 1953 wani likitan tiyata mai suna Edward Lewison ya fara shiga gidan yarin Oakalla da ke yammacin Kanada yana yi wa fursunoni aiki kyauta. Yakan miƙe karyayyen hanci, ya kwantar da kunnuwan da suka baje, ya rage tabon wuƙa, ya gyara haɓa. Hujjarsa ita ce, mutumin da ya tashi ana yi masa dariya saboda fuskarsa tun yana makaranta, ya nemi aiki aka hana shi, ya nemi aure aka guje shi, yakan ƙulla gaba da jama'a, kuma wannan gabar ce take kai shi ga aikata laifi. A rahoton da ya fitar a 1965 ya ce cikin fursunoni 450 da ya yi wa aiki, kashi 42 cikin 100 ne suka sake komawa gidan yari, alhali a cikin sauran fursunonin masu komawa sun kai kashi 75. Amurka ma ta gwada irin wannan a jihohi da dama, har da gidan yarin tsibirin Rikers da ke birnin New York a shekarun 1960, inda aka fi ganin amfaninsa ga fursunonin da ba su kamu da shan miyagun ƙwayoyi ba.

Mu dai mun tashi muna jin cewa hali zanen dutse ne. To, idan wuƙar likita za ta taɓa hanci ta rage wa mutum komawa sata, ina matsayin wannan magana? Kuma idan gaskiya ne sura tana da hannu a cikin hali, me za mu ce wa 'ya'yanmu da suke neman a gyara musu jiki yau?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Malam Kabiru. Ban san fursunonin Kanada ba, amma na yi aikin jinya a Sakkwato shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma na ga yaran da ciwon iska ya ci wa fuska, wanda likitoci ke kira noma. Ciwon yana farawa ne daga dasashin yaron da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, kuma cikin 'yan kwanaki zai cinye kunci ko leɓe ko hanci. Mafi yawan waɗanda ba su samu magani da wuri ba mutuwa suke yi. Wanda ya rayu kuma yakan tashi da rami a kunci, yawu yana zuba, wani muƙamuƙinsa ya daskare ba ya iya buɗe baki sosai. Saboda su aka buɗe asibitin noma na Sakkwato a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF take tallafa masa tun 2014, sannan a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan.

Abin da ya kawo ni maganar shi ne halin waɗannan yara. Iyaye sukan kawo yarinya su ce ba ta da fara'a, ba ta shiga mutane, tana da saurin fushi. Za ka gan ta ta naɗe bakin mayafi a hannu ta danne kuncinta da shi, ko magana za ta yi ba ta sauke hannun, kuma ba ta yarda ta ci abinci a gaban kowa sai ta juya ta fuskanci bango. Bayan an yi aiki an toshe ramin, idan aka dawo da ita duba, sai ka tarar uwar tana ba da labarin ta koma islamiyya, tana cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan uwanta, har an fara ƙorafin ta cika surutu. Ni ban taɓa ɗaukar cewa likita ya dasa mata sabon hali ba. Halin nata ne tun asali, tsangwama ce ta danne shi. Amma akwai abin da na lura da shi: hannun nan ba ya sauka nan da nan. Wata sai ta yi watanni tana kai shi kunci idan baƙo ya shigo, alhali babu sauran abin rufewa.

Dakta Bashir:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, domin abin da kika gani da ido shi ne abin da masana halayyar ɗan Adam suka auna a ɗakin gwaji, kuma gida biyu ne.

Na farko shi ne yadda mutane suke ɗaukar mai kyau. A 1977 Mark Snyder da abokan aikinsa a Jami'ar Minnesota sun haɗa ɗalibai maza da mata waɗanda ba su san juna ba, su yi hira ta waya na minti goma. Kafin hirar sai a ba namijin hoto a ce na wadda zai yi magana da ita ne, alhali ba nata ba ne: wasu aka ba su hoton kyakkyawa, wasu na wadda ba ta kai ta ba. Mazan da suka zaci da kyakkyawa suke magana sun saki jiki, sun yi raha. Sai aka ɗauki muryar matan kaɗai aka kunna wa wasu mutane daban da ba su ga hoton ba, kuma waɗannan suka yanke cewa matan da aka zata kyawawa sun fi fara'a da sakin fuska. Matan ba su san da wani hoto ba. Yadda aka tarbe su ne ya fito da halin da aka ji a muryarsu.

Na biyu kuma shi ne ya shafi hannun yarinyar nan. A 1980 Robert Kleck da Angelo Strenta a kwalejin Dartmouth sun zana wa wasu mata tabo na ƙarya a kunci da kayan kwalliya, suka nuna musu a madubi, sannan suka ce za su shafa masa mai don kada ya tsage, amma a haƙiƙa goge shi suka yi gaba ɗaya. Matan suka shiga hira da baƙi suna zaton tabon yana nan. Da suka fito sai suka riƙa ba da labarin cewa an yi ta kallon kuncinsu, abokin hira ya takura, an yi musu magana da tausayi ko raini. Fuskarsu kuwa lafiya lau take. Saboda haka akwai abin da jama'a ke yi wa mutum, akwai kuma abin da shi yake tsammanin ana yi masa. Tiyata takan iya taɓa na farko. Na biyun ba kullum take kai wa gare shi ba.

Malam Sani:
Da izinin manya, ni wannan labari na gidan yari bai kwanta mini ba ko kaɗan. A 1876 Cesare Lombroso na Italiya ya yaɗa cewa ana gane ɗan fashi daga girman muƙamuƙinsa da fasalin kunnensa, kuma an cutar da bayin Allah da yawa da wannan tunani kafin ilimi ya rushe shi. Ina jin tsoron kada a dawo mana da shi ta ƙofar baya. Waɗanda suka wawure dukiyar al'umma a ƙasarmu ba munana ba ne, yawancinsu fes suke, cikin shadda da turare. Sannan Malam Kabiru, su waye aka yi wa aikin nan? Ai fursunan da ya kai kansa ya nemi a gyara masa fuska domin ya samu aiki idan ya fita, da ma ya riga ya ƙudurta tuba a zuciyarsa. Ta yaya za a gwada shi da wanda bai damu ba?

Dakta Bashir:
Malam Sani, a nan ka kama bakin zaren. Wannan ita ce babbar sukar da aka yi wa binciken Lewison: ba da ƙuri'a aka zaɓi waɗanda za a yi wa aiki ba, don haka ba za a iya raba tasirin tiyatar da niyyar mutumin ba. Ga kuma kulawa. Wanda ya shekara ana kiransa da lamba, sai ga babban likita ya zaunar da shi ya saurare shi, ma'aikatan jinya suna tambayar yadda ya kwana, wannan kaɗai yana iya yin aiki a zuciya. Masu bita da suka duba waɗannan bincike daga baya sun ga sakamakon ya sha bamban daga wuri zuwa wuri, kuma zuwa shekarun 1990 an daina shirye-shiryen. Sai dai akwai bambanci tsakanin Lombroso da Lewison: na farko ya ce mugunta a halittar mutum take, na biyu ya ce wulaƙancin jama'a ne ya haifar da ita.

Malama Zainab:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma ina ganin muna zagaye abin da ke gabanmu. Babu wanda yake jayayya a kan yaron ciwon iska, ko mai tsagaggen leɓe, ko wadda gas ya ƙona a kicin. Ita kanta sana'ar tiyatar gyaran jiki ai daga irin wannan ta bunƙasa, lokacin da likita Harold Gillies ya riƙa gyara fuskokin sojojin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ragargaza, a asibitin Sidcup da aka buɗe a Ingila a 1917. Abin da ya shigo mana yanzu dabam ne. Mace mai cikakkiyar lafiya ce take tara kuɗin adashinta ko ta sayar da sarƙarta ta tafi Legas ko Abuja ko Turkiyya a tsotse kitsen cikinta a ɗura mata a mazaunai. Wadda ba ta da kuɗin tiyata kuma tana sayen allurai da ƙwayoyin ƙara ƙiba a hannun masu talla a Instagram, ko ta dage da man bilicin mai sinadaran da ke lalata ƙoda da fata, har sai da NAFDAC ta ayyana abin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiya a 2023.

Aikin ɗura kitsen nan yana cikin mafi haɗari a duk tiyatar kwalliya, domin idan allurar ta zarce cikin tsoka, kitsen yakan shiga manyan jijiyoyin jini ya tafi ya toshe huhu, mace ta cika a kan gadon aiki. Wani ƙiyasi da ƙwararrun fannin suka fitar a 2017 ya ce ana rasa kusan mutum ɗaya cikin 3,000. Kuma kuɗi ba ya tsare mutum. Mun tuna Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na wancan lokaci, ta rasu a Oktoban 2005 a Sifaniya bayan aikin tsotse kitse, kuma a 2009 kotu ta sami likitan da laifin sakaci.

Idan ana maganar hali, ni canjin da nake gani a 'yan matan da nake koyarwa kafin tiyata yake faruwa. Yarinya ba ta iya tura hotonta sai ta sa masa filta ya sirantar da hanci ya haskaka fata, har ta kai idan ta kalli madubi sai ta ga baƙuwa. Takardun cikin gida na kamfanin Facebook, mamallakin Instagram, da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna su kansu sun san Instagram yana ƙara wa 'yan mata ƙin jikinsu.

Malam Idris:
Bismillah. Tun da an ambaci malamai, ga abin da ya sawwaƙa. Shari'a ta bambanta kawar da aibi da neman ƙarin kyau. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya, duk da cewa zinariya haramun ce ga maza. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi. A ɗaya gefen kuma akwai hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim, wanda ya la'anci masu jarfa da masu tsige gira da masu goge haƙora su yi wushirya don kyau, masu canja halittar Allah, ga kuma aya ta 119 a Suratun Nisa'i. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan mas'ala a Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar maido da gaɓa yadda take, da gyara aibin haihuwa kamar tsagewar leɓe, da abin da ƙuna ko hatsari ko ciwo ya ɓata, da kawar da munin da ke cutar da mutum a jiki ko a zuciya. Ta hana canja lafiyayyar sura don bin son rai ko kwaikwayon wasu.

Amina:
Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya, kuma ba da niyyar jayayya ba. An ce munin da ke cutar da mutum a zuciya. Wa zai auna wannan cutarwar? Matar da ta haihu shida, cikinta ya saki, mijinta yana yi mata gori a gaban 'ya'yanta, ya ce zai ƙaro wadda ta fi ta tsari, ita a wane gida za a sa ta? Lafiyarta ƙalau, amma kullum da kuka take kwana.

Anti Zainab kuma, ina tare da ke a kan haɗarin, amma ban yarda a mayar da waɗannan mata marasa hankali ba. Lissafi suke yi, kuma lissafin ba ƙarya ba ne. Masana tattalin arziki Hamermesh da Biddle sun nuna a 1994, da alƙaluman Amurka da Kanada, cewa waɗanda ake ganin ba su da kyau suna samun albashi ƙasa da na sauran da kashi 5 zuwa 10 cikin 100. A Koriya ta Kudu an daɗe ana manna hoto a takardar neman aiki, har sai da gwamnati ta hana hakan a ma'aikatunta a 2017. Mu nan ba ma buƙatar alƙaluma. Mun san abin da uwa take faɗa idan za ta nema wa ɗanta mata: fara, doguwa, mai hanci, mai gashi. Yarinyar da ta ji wannan tun tana shekara 10 a bakin iyayenta da yayyenta, idan ta kai 20 ta sayi man bilicin, sai duk a taru a kanta ita kaɗai.

Malam Idris:
'Yata, tambayarki a kan hanya take. Cutarwar da malamai ke nufi ita ce wadda aibin da ke jikin ya haifar, wanda duk mai hankali zai gani ya ce aibi ne, kuma amintaccen likita ya tabbatar. Idan tsokar ciki ta rabu saboda haihuwa, ko fata ta zubo tana sa ƙaiƙayi da ciwon baya, wannan magani ne. Amma matar da kika kwatanta, ciwonta daga bakin mijinta ya fito, kuma shi ne ya saɓa wa umarnin zama da mata da kyautatawa. Shi ya kamata waliyyai su kira su zaunar.

Alhaji Musa:
A yi mana adalci kaɗan, ba duka maza ne suke gori ba, kuma ba mata kaɗai suke zuwa ba. Duk wanda ya bi jirgin Istanbul ya ga maza da kai a naɗe da bandeji sun dawo daga dashen gashi. Wani abokin kasuwancina sanƙo ya kama shi tun bai kai 30 ba, ko a cikin ɗaki ba ya cire hula. Ya je an yi masa, ya dawo, kuma ni shaida ne ya fi sakin jiki da mutane. Amma rowarsa da saurin fushinsa suna nan inda ya bar su.

Malama Zainab:
Amina, na karɓi gyaranki a kan inda laifin ya faro, amma ban sauka daga matsayina ba. Ko da lissafin gaskiya ne, ita ce za ta kwanta a gadon tiyata, ba surukar da ta ce fara take so ba. Kuma mijin da ya yi gorin ciki, idan aka gyara cikin, zai samo wani abin.

Dakta Bashir:
Abin da Alhaji ya faɗa game da abokinsa shi ne kusan abin da bincike ya fi nunawa. Yawancin waɗanda aka yi wa tiyatar kwalliya suna gamsuwa da wurin da aka gyara, kuma kunyar da ta shafi wannan wurin takan ragu. Amma baƙin ciki da fargaba da matsalar aure ba sa bin wuƙa su fita. A Norway an bi 'yan mata kusan 1,600 har tsawon shekara 13, aka buga sakamakon a 2012. Waɗanda suka je tiyata sun fi sauran damuwa tun kafin su je, kuma bayan aikin damuwar da matsalar cin abinci ƙaruwa suka yi.

Akwai kuma rukunin da tiyata ke cutarwa kai tsaye, masu cutar da muke kira BDD a taƙaice, wadda likitan Italiya Enrico Morselli ya fara bayyanawa a ƙarshen ƙarni na 19. Mai ita yana ganin mummunan aibi a jikinsa inda wasu ba sa ganin komai, ko suke ganin ɗan abu kaɗan. Kusan mutum 2 cikin 100 ne suke da ita a cikin jama'a, amma a cikin masu zuwa asibitin kwalliya adadin ya ninka haka sau da yawa. Idan aka gyara masa hanci sai ya ce an ɓata, ko damuwar ta koma haɓa. Shi ya sa tun Yulin 2023 Ostireliya ta wajabta a tantance mai neman tiyatar kwalliya ko yana da wannan cuta, ya zo da takardar wani likita daban, kuma a ba shi aƙalla kwana 7 ya sake tunani kafin a sa ranar aiki.

Amina:
Dakta, wannan bayanin ya tayar mini da hankali. Ƙanwata tana shafe fiye da awa biyu a gaban madubi kafin ta fita, ta daina zuwa biki, ta ƙi a ɗauke ta hoto, duk a kan hancinta da mu ba ma ganin komai a kansa. Yanzu ta fara tambayar kuɗin tiyata. Mama tana cewa iyayi ne kawai. Me ya kamata mu yi?

Dakta Bashir:
Malama Amina, ba zan iya tabbatar da ciwo daga nesa ba, amma alamun da kika lissafa sun isa a kai ta a duba ta, musamman daina shiga mutane. Kada ku kira abin iyayi, kuma kada ku yi ta rantse mata cewa hancinta yana da kyau, domin kwanciyar hankalin da hakan ke ba ta ba ya wuce 'yan mintuna, sai ta dawo ta sake tambaya. Ku ce mata kun ga tana shan wahala, kuma akwai masu maganin wannan wahalar. Ku jinkirta maganar tiyata har sai likitan ƙwaƙwalwa ya gan ta. Akwai su a asibitin Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Ana maganinta ne da zaman tattaunawa da ƙwararre wanda zai koya mata rage duba madubi da komawa cikin jama'a sannu a hankali, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyin da ake bai wa masu ciwon damuwa, waɗanda sukan ɗauki makonni da yawa kafin a ga aikinsu. Ki tambaye ta kai tsaye, ku biyu kaɗai, ko ta taɓa tunanin cutar da kanta, domin wannan tunani yana da yawa ga masu wannan ciwo. Idan ta ce e, kada ku jira ranar asibiti, ku kai ta a ranar.